Hannun da Zai Yi wa Ɗanka Allura, Wa Ya Gwada Shi?



Ka tuna ranar da ka kai ɗanka gidan likita a Yekuwa, jikinsa zafi rau, uwarsa tana rungume da shi. Wata yarinya mai farar riga ta fito. Ba ta wuce sa'ar ƴarka ta fari ba. Ta zuƙi magani a sirinji, ta ce a kwantar da yaro. Kai kuwa ka kau da kai kana addu'a. Ba ka san sunanta ba, ba ka san garinsu ba, amma ka damƙa mata amanar ɗanka.

To, wa ya tabbatar hannun nan nata ya iya aiki?

Mu a ƙauye duk mai farar riga likita muke ce masa. Amma yawancin waɗanda ke duba mu masu jinya ne da ungozomomin asibiti. Kafin a ba su takardar shaida, sai sun ci jarrabawa iri biyu. Ɗaya ta rubutu ce, da alƙalami da takarda. Ɗaya kuwa ta hannu ce: a tsayar da ɗalibi, a ce ya yi aikin ana kallonsa. Wannan ta biyun ita ce ɗalibai suka fi tsoro. Wata ɗaliba ba ta iya barci daren jajibirinta. Wani ɗalibi hannunsa ya riƙa rawa har auduga ta faɗi. Yau tarihin wannan jarrabawa za mu ba ka, da abin da ɗalibai ke cewa a kanta, da abin da ya shafe ka a ciki.

Kafin zuwan lakwal

Gwajin hannu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dubi wanzami. Yaronsa yakan fara da ɗaukar zabira. Daga nan ya koyi wasa aska. Sai a bar shi ya yi wa yara aski. In hannunsa ya faɗa, a bar shi ya kafa ƙaho. Kaciya kuwa sai can daga baya, maigidansa yana tsaye a kansa. Haka maɗori yake koya wa ɗansa ɗori. Haka ungozoma take jan wata mace a jiki shekara da shekaru, kafin ta bar ta ta yanke cibiya ita kaɗai.

Babu takarda a nan, babu maki. Idon maigida shi ne jarrabawa. Wannan hanya tana da kyau, domin aiki ake dubawa, ba daɗin baki ba. Amma tana da aibi. In maigida yana da kuskure, yaronsa ya gāje shi ke nan. In aska ɗaya yake yi wa mutum goma aiki da ita ba tare da tsabtacewa ba, haka yaro zai yi, ba wanda zai ce masa kul.

Zamanin Nasara

Makarantar jinya irin ta yau a Ingila ta yi suna. A 1860 wata mata mai suna Filorans Naitingel ta buɗe makaranta a asibitin Sen Tomas da ke Landan, da ɗalibai mata 15. Kowane wata shugabar masu jinya tana cika takarda a kan kowace ɗaliba. Ta iya ɗaure ciwo? Ta iya gyara gado majinyaci yana kwance? Tana da tsabta? Tana lura da abin da ya sāke a jikin marar lafiya? Ka ga tun daga tushe, hannu da hali aka sa a gaba.

A ƙasashenmu da Faransa ta mallaka, an kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a 1905. A 1918 aka buɗe makarantar likita a Dakar, ƙasar Senegal, inda ake koyar da mataimakan likita da ungozomomi. Amma Dakar da nisa, kuma kaɗan ne suka samu zuwa daga Nijar. Masu jinya na farko a Damagaram, wadda ita ce babban birnin ƙasa har 1926, a bakin aiki suka koya. Saurayi ya fara da shara da dafa kayan aiki. Daga nan wanke miki. Daga nan allura. Wasu suka bi ayarin masu yin lamba ƙauye ƙauye, saboda agana.

Ka ga wannan bai yi nisa da koyon wanzanci ba. Idon mutum guda ne ke yanke hukunci. In likita ya yarda da kai, ka ci. In bai yarda ba, ka zauna kana wanke kwanoni.

Bayan ƴancin kai

Da Nijar ta sami ƴancin kanta a 1960, masu jinya ba su kai ko'ina ba. A 1965 aka buɗe makarantar jinya ta ƙasa a Yamai. A 1975 aka buɗe wata a Damagaram, aka sa mata suna ENICAS. Ita ce daga baya ta koma ENSP ta Damagaram. Da yawa cikin majo-majo da suka yi aiki a Magarya da Dungas da Matamaye nan suka fito.

Amma gwamnati ba ta tsaya jiran masu takarda ba. Tun a shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka fara wani tsari wanda ya bazu ƙasa duka. Mutanen gari su zaɓi nasu mutum, a kai shi a koya masa aikin taimakon farko na kwana goma ko sha biyar. Ya komo da akwatin magani: nibakin don masassara, aspirin, jan magani na miki, maganin ɗigawa a ido, da bandeji. Ungozomar gari ita ma aka koya mata wanke hannu, da yanke cibiya da sabuwar reza. Da yawansu ba su iya karatu ba. Da nuni aka koya musu: a yi su gani, su yi a gani. Tsofaffin Yekuwa za su tuna da waɗannan akwatuna.

Daga baya makarantu suka yi yawa, har da masu zaman kansu. Wanda ya ci BEPC yana iya shiga ya yi shekara uku, ya fito ma'aikacin lafiya na matakin farko. Wanda ya ci BAK ya yi karatun babban mai jinya ko na ungozoma. Da makarantu suka yi yawa, sai gwamnati ta sa jarrabawar fita guda ɗaya, wadda ɗaliban makarantun gwamnati da na kuɗi suke yi tare. Dalili kuwa, ciwo bai san wace makaranta ka fito ba.

Kukan ɗalibai

Yanzu bari ka ji yadda tsohuwar jarrabawar hannu take, a nan da sauran ƙasashe. A kai ɗalibai ɗakin marasa lafiya. A ba kowa majinyaci guda, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a. Ɗalibi ya tambaye shi, ya duba shi, ya yi masa aikin da ya kamata, malamai suna tsaye suna kallo. Daga nan su yi masa tambayoyi, su ba shi maki.

Ɗalibai sun daɗe suna kuka da wannan, kuma kukansu da gaskiya a ciki. Mu ce ɗalibai biyu ne, iliminsu ɗaya. Na farko ƙuri'a ta ba shi dattijo mai haƙuri, da ɗan miki a ƙafa. Na biyu ta ba shi jinjiri mai zawo, yana ta tsala ihu, jijiyarsa ta ɓuya. Na farko ya gamu da malami mai sauƙin kai. Na biyu ya gamu da mai zafin rai, wanda bai cika ba da maki ba. Ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. Shin ilimi aka auna, ko sa'a?

Akwai kuma wani aibi, wanda ya fi shafarka. Ɗalibin da ya ci saboda ya iya wanke miki, ba wanda ya ga ko ya iya sa ƙarin ruwa. Aiki ɗaya aka gani, aka ba shi shaidar aiki ɗari. In ka je sayen gero, ba ka duba bakin buhu kaɗai. Kakan zura hannu har ƙasa.

Ga kuma majinyaci, bawan Allah. A jikinsa mai koyo yake yin kuskurensa na farko.

Ƴar tsana da ƙararrawa

Dabara biyu suka gyara wannan al'amari.

Ta farko a Amurka aka yi ta. A 1911 makarantar jinya ta asibitin Hartford ta sa wata mai yin ƴar tsana, sunanta Martha Chase, ta yi musu babba, tsawon mutum, mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa. Ɗalibai suka riƙa koyon wanka da juya majinyaci da sa masa tufafi a jikinta. Daga baya aka yi mai hannun da ake sokawa da allura. A 1960 a ƙasar Norwe aka ƙera wani mutum-mutumin na koyon hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska. Yau akwai hannun roba mai jijiya, akwai ƙugun roba mai jinjiri a ciki don koyon karɓar haihuwa. Ɗalibi ya yi kuskure sau goma, ba wanda ya ji ciwo.

Ta biyu a birnin Dundi na ƙasar Sikotilan aka yi ta. Wani malamin likitoci, Ronald Harden, da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1975, shekarar da aka buɗe makarantar Damagaram. Masu Turancin Ingilishi suna ce mata OSCE, masu Faransanci ECOS. Mu sai mu ce jarrabawar zango-zango.

Ga yadda take. A shirya zango da yawa a jere, kamar rumfunan kasuwa. Kowane zango da aikinsa, da malami riƙe da takarda. A takardar an jera matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi ya shiga, a ba shi kamar minti biyar. A zangon farko a ce ya yi wa hannun roba allura. Ƙararrawa ta kaɗa, ya wuce gaba. A na biyu a ce ya ƙirga numfashin yaro, ya faɗi ko ya yi sauri. Dole ya san yaro ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, in numfashinsa ya kai 50 a minti guda, alamar ciwon huhu ce. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyar kuwa, 40. A na uku a ba shi zaren awon dantse, ya nuna inda ake ɗaurawa, ya faɗi ma'anar ja da rawaya da kore ga yaro mai tamowa. A na huɗu wata mata ta zauna kamar ita ce uwar yaro mai zawo. Ɗalibi ya koya mata dama ƙunshin gishiri da sukari cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, da harshen da za ta gane.

Kowane ɗalibi zango iri ɗaya yake bi, aiki iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Malami ba ya ba da maki don ya ga fuska. Abin da ke cikin takarda yake dubawa: ya yi, ko bai yi ba. Kuma malamai da yawa ne suka gan shi, ba mutum guda ba. Da ɗaliban likita aka fara, daga baya makarantun jinya na ƙasashe da yawa suka ɗauka. Maƙwabtanmu na Najeriya, hukumarsu ta masu jinya da ungozomomi ta sa ta cikin jarrabawarta.

Abin da ɗalibai ke cewa

An sha tambayar ɗaliban jinya ra'ayinsu a ƙasashe dabam-dabam. Amsarsu takan zo kusan iri ɗaya, kuma kashi biyu ce.

Kashi na farko, sun ce tana da ban tsoro, ta fi ta rubutu. Idon malami yana kanka, shi kuwa ba ya cewa uffan. Lokaci kaɗan ne, kana cikin aiki ƙararrawa ta kaɗa. Wani ya san aikin sarai, amma tsoro ya ɗaure masa kai. Wasu sun ce roba ba mutum ba ce, da wuya ka gaishe ta ka lallashe ta. Wasu kuma suna kukan rashin kayan koyo. In ɗalibai sun yi yawa hannun roba kuwa guda ne, wani sai ranar jarrabawa zai taɓa shi sosai. Wannan kuka gaskiya ne, kuma gyaransa yana wuyan makarantu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kashi na biyu, waɗannan ɗalibai dai su ne suke cewa ta fi adalci. Suna cewa ta nuna musu inda suke da rauni. Ta tilasta musu ajiye littafi su kama aiki da hannu. Da yawa sun ce bayan sun wuce ta, gabansu ya rage faɗuwa a gaban majinyaci na gaske.

Ka lura da wannan. Abin da suke tsoro shi ne kuma suke yabo. Kuma an ga tsoron yana raguwa in an bayyana wa ɗalibi yadda jarrabawar take tun da wuri, aka bar shi ya yi ta maimaita aikin, aka gaya masa kuskurensa ba tare da wulaƙanci ba.

Me ya sa malamai ba sa sassautawa?

Ko a gefen gadon majinyaci aka yi ta, ko zango-zango, akwai kurakuran da ba a yafewa. Ga guda uku, da dalilinsu.

Na farko, wanke hannu. Ɗalibi yakan ji haushi in ya yi komai daidai aka rage masa maki don ya manta da sabulu. Amma a 1847, a wani asibiti a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mata masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi. Wani likita, Semmelweis, ya gano ɗaliban likita ne ke ɗauko cutar a hannunsu, daga ɗakin gawa zuwa ɗakin haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan magani. A watan Afrilu mata wajen 18 cikin ɗari ne suka mutu. Bayan ƴan watanni abin ya sauko wajen biyu cikin ɗari. Hannun mai koyo ne ya kashe, hannunsa ne kuma ya daina kisa da aka gyara shi.

Na biyu, wurin soka allura. Akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ta cikin ɗuwawu ta gangara ƙafa. In allura ta same ta, ƙafar yaro tana iya shanyewa. A shekarun da ake yawan yi wa yara allurar kinin a ɗuwawu, yara da dama a Afirka ta Yamma sun gurgunce ta haka. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya raba ɗuwawu kashi huɗu, ya soka a kashin sama na waje. Ƙaramin yaro kuwa a cinya ake yi masa. Kuskuren faɗin yatsa biyu, yaro ya yi ɗingishi har tsufansa.

Na uku, gaggawa tare da natsuwa. Ɗalibai suna kukan ƙararrawa, amma ciwo ma ba ya jira. Ka san yadda asibitin Magarya yake cika da yara in damina ta yi nisa, lokacin da masassara da tamowa suka haɗu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a nan a 2005. A daminar 2018 yara fiye da 700 ne suke kwance a lokaci guda. Yaron da aka ɗauko a amalanke ko a babur daga nesa, jininsa ya ƙare, jikinsa ya bushe, yana bukatar hannun da zai sami jijiya nan take. Wanda ya saba aiki malami yana kallonsa, agogo yana tafiya, shi ne zai iya aiki uwa tana kuka a kansa.

Naka aikin

Kada ka ce wannan zancen ƴan lakwal ne. Kai ma da naka kason.

In ɗalibi ya zo koyon aiki a gidan likitanku, abin da suke kira sitaj, kada ka raina shi. Majon da kake yabo yau, shi ma haka ya fara. Amma kana da ikon ka ce babba ya tsaya kusa in za a yi wa ɗanka aiki mai wuya. Wannan ba rashin kunya ba ne, ƙa'idar koyo ce.

Ka riƙa lura. Ya wanke hannu? A gabanka ya yage ledar sabuwar allura? Ya tambayi sunan yaro da shekarunsa, ya auna nauyinsa in ana bukata? In ba ka gani ba, yi tambaya cikin ladabi. Mai jinya na ƙwarai ba ya fushi da tambaya.

Ka guji mai yawo da magani a kasuwa yana yi wa mutane allura. Ba wanda ya taɓa gwada hannunsa. Arhar allurarsa tana iya cin ƙafar ɗanka.

In kuwa ɗanka ko ƴarka ce take makarantar jinya, ta zo tana cewa tsoron jarrabawar hannu take ji, kada ka yi mata dariya. Ka ce mata tsoron nan alamar ta san nauyin rai ce. Ta yi ta gwadawa. Ta auna dantsen ƙannenta, ta ƙirga numfashinsu, ta koya wa uwarta dama ruwan gishiri da sukari. In ta faɗi, kada ka sayar da akuya ka nemi wanda zai yi mata hanya. Ta koma ta sake koyo. Takardar da aka saya ba ta samo jijiya. Kuma wa ya sani, watakila jikanka ne za a fara kai mata.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa wanzami bai taɓa miƙa wa yaronsa aska ranar farko ba. Abin da aka ƙara a zamanin nan shi ne a gwada kowa da mudu ɗaya, kuma a bar mai koyo ya yi kuskurensa a jikin roba kafin ya taɓa mutum.

In ka gama karanta wannan, ka karanta wa maiɗakinka, domin ita ce ta fi ka zuwa gidan likita da yara. Allah ya ba mu lafiya, ya ba ɗalibanmu sa'a da hannu mai albarka. Amin.